Gwanin Feshi Da Maganin Ƙirji

A wani garejin gyaran motoci akwai wani mai fenti da kowa ke kira Gwani, kuma ya ci sunansa. In ya yi wa tsohuwar mota feshi, sai mai ita ya zagaya ta sau biyu kafin ya yarda tasa ce. Aibinsa ɗaya ne, ba a koya masa. Kana buɗe baki zai ce ya sani, ko da bai ji ƙarshen maganar ba.

Shekara ashirin da bakwai yana shaƙar fenti babu takunkumi, ga taba a kai. Tari ya fara zuwa yana tafiya, daga baya ya zauna daram. Kullum da safe sai ya yi ta kakin majina, ƙirjinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Wata rana tarin ya turnuƙe shi yana tsakiyar aiki, hannunsa ya karkace, fenti ya tsiyaya a jikin motar mutane. Mai garejin ya karɓe bindigar feshin ya kulle a kabad.

"Gwani, ba korarka na yi ba," in ji shi, "amma ba za ka faɗi a hannuna ba. Na ba ka wata uku ka kawo takardar likita. In babu, dole in nemi wani."

A asibiti likita ya ce hanyoyin iska na huhunsa sun daɗe a kumbure, shi ya sa majina ba ta ƙarewa. Ya hana shi taba, ya rubuta masa ƙwayoyi da wani ɗan gwangwanin magani da ake fesawa a baki. Nas ɗin da ta miƙa masa ta ce, "Baba, tsaya in nuna maka yadda ake fesawa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "'Yata, tun ba a haife ki ba nake feshi. Ni za ki koya wa?" Ya jefa maganin a aljihu ya fice.

A yi masa adalci, tabar ya bari, duk da sai da kowa a gidan ya ɗanɗana fushinsa. Amma maganin fa? Sai ya tsaya gaban madubi, ya girgiza gwangwanin, ya riƙe shi nesa da fuska, ya wangale baki, ya fesa daga hagu zuwa dama, daidai yadda yake yi wa mota.

Matarsa ta ce, "Baban yara, anya haka ake yi?"

"To, ke ma kin zama likita? Maganin ne jabu."

Wata biyu suka shuɗe, tari na nan. Ko matakalar gidan sai ya huta sau biyu yake gama ta. Tsoro ya kama shi sosai, don ban da feshi bai iya komai ba. Ranar komawa asibiti matar ta nace sai ta bi shi. Aka ba shi na'urar gwajin numfashi ya busa, sakamako bai motsa ba. Nas ta dube shi ta ce, "Baba, yi amfani da maganin a gabana."

Ya gyara tsayuwa, ya yi feshinsa na gwaninta. Nas ta cije leɓe.

"Allah sarki," in ji matarsa, "shi ya sa gemunka ya yi ƙyalli. Ashe wata biyu shi kake yi wa magani."

Kunya ta rufe shi, har ya juya zai fita. Sai ya tuna saura wata guda, ya dawo ya zauna. "'Yata, na yi kuskure. Koya mini."

Ta nuna masa ya fitar da numfashi duka, ya rufe leɓɓansa a bakin gwangwanin, ya danna yana jan numfashi a hankali, ya riƙe har ya ƙirga goma, sannan ya kurkure baki. Sau huɗu yana ɓatawa, tana cewa ya sake, yana sakewa.

Cikin sati uku majinar ta ragu, ya fara zagaya unguwa da ƙafa kowace safiya. Da wa'adi ya cika likita ya gaya masa gaskiya, huhun ba zai koma sabo ba, kuma magani ya zama abokin zama. Amma zai iya aiki da takunkumi mai tace iska, ƙofa a buɗe. Likitan ya sa hannu a takardar.

Mai garejin ya karanta, ya buɗe kabad. A ranar, Gwani ya fesa gefen wata doguwar bas daga kai har wutsiya bai tsaya ko sau ɗaya ba. Ya fito waje ya cire takunkumin, ya ja iska ya ji ta sauka har ƙasan ƙirjinsa. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi kukan murna, bai damu da masu kallo ba.

Darasi: ƙwarewa a sana'arka ba ta mai da kai masanin komai. Tarin da ya daɗe yana samun sauƙi in an bar abin da ya jawo shi, kuma aka yi amfani da magani yadda ya kamata. In an ce tsaya a nuna maka, ka tsaya, ko da mai nunawar sa'ar 'yarka ce.