Yadda Karen Ruwa Ya Samu Suna

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso mu ji ta.

Ni za ku amsa wa da sanyin murya haka, duk daɗin bakina? To, na yafe.

Wani ɗan taliki ne a bakin kogi, mai gashin baki, mai santsin jiki, gwanin kamun kifi. Komai ya samu, sai suna.

Ran nan Kada ya yi shela: "Marar suna ba shi da dangi. Gobe shi ne kalacina."

Ɗan talikin nan ya tashi neman suna. Ya je wa Zaki. "Ranka ya daɗe, a raɗa mini suna."

Zaki ya ce, "Ƙarnin kifi kake yi. Tafi ruwa."

Ya je wa Dorina. "Iya, a raɗa mini suna."

Ta ce, "Mai kwana a rami? Koma tudu."

Ya je wa Malam Kunkuru. Malam ya ce, "Addu'a ce tawa, zaɓen suna sai dangi. Amma in an ci goro an shafa fatiha, abin da aka fara shelantawa ya zauna, ko sarki bai isa ya goge ba."

Da safe ɗan talikin ya bi mashaya yana raba goro. Masunta suka tauna, dabbobi suka tauna, har da Kare. Malam ya yi addu'a, aka shafa. Ba mai faɗin suna.

Kada ya matso, ya wangame baki.

Ɗan talikin ya yi tsalle, sai cikin kwandon Inna Tabawa mai kifi, wadda muryarta ke ƙetare kogi. Ya sure babbar tarwaɗarta.

Ta kwarma ihu: "Karen ruwa! Tsinannen karen ruwa!"

Malam ya gyara murya. "Allah ya raya Karen Ruwa."

Goro ya faɗo daga bakin mutane. Tabawa ta dafe ƙirji: "Ni zaginsa na yi!"

Kare ya ce, "Yaushe na yi ƙane a kogi?"

Karen Ruwa ya murɗa gashin baki. "Tun da ka ci gorona, Yaya."

Kada kuwa mamaki ya hana shi rufe baki. Ku duba shi a kan yashi, har yau a buɗe yake.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa. Zagin da ya fitar da kai ya fi kirarin da aka hana ka.