Baban Lissafi da Teburin Masu Rula

Akwai wani malamin lissafi a wata makarantar sakandare da ɗalibai suka laƙaba wa suna Baban Lissafi. Kuma sunan ya dace da shi. Idan ya ɗauki alli ya fuskanci allo, sai ya cika shi daga sama har ƙasa bai waiwayo ba. In ya juyo sai ya karkaɗe hannu ya ce, "Ai wannan a bayyane yake." Na gaba su gyaɗa kai don sun gane, na baya su gyaɗa don kada a tambaye su.

Ana nan sai aka kawo wata sabuwar malama, aka ba ta ɗaya ajin na 'yan shekarar ƙarshe. A ajin nata ne autar Baban Lissafi take, domin dokar makarantar ba ta yarda malami ya koyar da ɗansa ba.

Zangon ya zo daidai darasin kalkulas, ɓangaren da ake auna saurin canzawar abu, wanda yara ke jin tsoronsa tun kafin su gan shi.

Ita Malama ba ta yi yadda aka saba ba. Ta raba ajin teburi uku. Na farko ta ba su rula da takardar zane, suna ɗora rular a jikin lanƙwasasshen layi suna auna tsananin gangararsa a wurare daban-daban. Na biyu suna aiki da ƙa'ida, a sauko da lambar da ke saman harafi a rage mata ɗaya. Na uku ta jefa musu tambaya mai wuya: wane irin gwangwani ne zai ɗauki madara da yawa amma ya ci ƙarfe kaɗan? Kowa shi ke zaɓar teburinsa da safe, kuma wanda ya ji ya gane sai ya ja kujerarsa ya matsa gaba.

Ba a daɗe ba labarin ajin ya cika makaranta. Yaran da ba a taɓa jin muryarsu ba suka fara gardama a kan lissafi a bakin famfo.

Abin ya tsaya wa Baban Lissafi a rai. Ya fara bi ta bayan tagar ajinta da sunan zai je ofis, alhali ofis ba ta nan yake ba. In ya ji dariya daga ciki sai ya sha mur. Ranar da ya ga ɗalibinsa mafi ƙwazo tsaye a gaban teburinta a ɗakin malamai yana yi mata tambaya, shayin da ke hannunsa ma kasa shansa ya yi. Mu faɗi gaskiya, hassada ce ta kama shi, irin wadda mai ita yake kira kishin aiki.

A gida kuwa abin ya fi ciwo. Auta ba ta da zance sai Malama ta ce, Malama ta yi. Matarsa ta lura, ta riƙa tsokanarsa cewa ashe an samu wadda ta fi Baban Lissafi lissafi. Ya yi dariyar yaƙe.

Ranar taron malamai ya miƙe. Ya yi magana mai tsawo, kuma ya iya magana. Ya ce aji ɗaya ya zama uku, manhaja ba za ta ƙare ba, jarrabawa kuma ba ta san teburi ba. Sannan ya kawo hujjar da ya fi ji da ita.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa shugaban makaranta, "ni uba ne a wannan ajin. Yara masu kai irin 'yata suna zaune suna jira, malama tana can duƙe kan masu wasa da rula. Wannan zalunci ne."

Malama ta buɗe baki za ta yi magana, ta dube shi, sai ta fasa. Abin da ta ce kawai shi ne a ba ta zuwa ƙarshen zango a ga sakamako. Shugaba ya ga wanda ya daɗe a aiki kuma uban ɗaliba ne ke ƙorafi, sai ya yanke hukunci: a mayar da kujeru layi-layi, kowa ya bi allo ɗaya da gudu ɗaya.

Baban Lissafi ya koma gida ranar yana fito.

Sai dai daga lokacin Auta ta daina zancen makaranta. Da farko ya ji daɗi, ya ɗauka an rabu da Malama ta ce. Bayan 'yan makonni, wata ranar Asabar suna zaune a falo yana gyaran takardun ɗalibansa, ta zo ta durƙusa gefensa ta ce tana so ta bar ajin kimiyya. Ta riga ta yi wa mai ba ɗalibai shawara magana.

Ya ajiye jan biro. Wannan ita ce yarinyar da yake gaya wa kowa injiniya za ta zama. Ya tambaye ta dalili, ya ce ai yanzu an cire mata masu ja mata baya.

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Baba, ni ce mai rular," ta ce. "A teburin farko nake. Satin da aka hana ne na matsa na biyu."

Ya ce to me ya hana ta zo wurinsa, ga shi a gida kullum?

"Na sha zuwa. In na tambaya sai ka yi shi a layi biyu ka ce a bayyane yake. Ni kuma kunya nake ji in ce ban gani ba."

Sai a lokacin ya gane shirun da Malama ta yi a taro. Da kalma ɗaya za ta iya kayar da shi a gaban kowa, amma yin hakan zai tona asirin yarinyar, don haka ta haɗiye ta bar shi ya yi nasara.

Ya lallashi Auta, ya yi alkawarin zai zauna da ita kullum a hankali. Ta ce a'a cikin ladabi, ta ce kanta ne ba ya ja. Uwarta ma ta yi nata ƙoƙarin, ba ta motsa ba.

Ranar Litinin ya fara zuwa ofishin shugaba ya janye maganarsa, ya faɗi abin da ya tura shi ba tare da kwana-kwana ba. Daga nan ya wuce ɗakin malamai, ya tsaya a gaban teburin Malama, sauran malamai suna kallo.

"Malama, na yi miki ƙafar ungulu, kuma 'yata na kayar. Ta ƙi jin tawa. Don Allah ki yi mata magana, ke za ta ji."

Ba ta ja zancen ba. Ta aika aka kira Auta, suka keɓe a baranda. Shi yana daga ciki yana hangensu ta taga, bai ji abin da aka ce ba. Ya dai ga 'yarsa ta share ido, ta gyaɗa kai, ta bi Malama zuwa ajin kimiyya.

Darasi: Mai hassada yakan ɗauka wani yake rusawa, alhali bai san wa ke fakewa a ƙarƙashin abin da yake rusawar ba. Yara ba gudu ɗaya suke ganewa ba, har da na cikin gidanka, don haka in ka ga wani ya iya abin da ka kasa, matsa kusa ka koya. Ku tura wannan labari ga malamai da iyayen da kuka sani, wataƙila akwai wata Auta da ke jin kunyar cewa ba ta gane ba.