Launin Kore da Gonar Mbah Tumirah

An yi wani mutum a nan yankinmu, ɗan ƙauye kamar yawancinmu, a tsakiyar gonakin shinkafa aka haife shi. Ba zan kama sunansa ba. Ba don in rufa masa asiri ba, asirin ya daɗe da tonuwa. Ban dai ga dalilin da zai sa a ɓata iskar masallaci da shi ba.

Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa, uwarsa ta ba shi karatu. Uwar tasa, Mbah Tumirah, ta yi shekaru a duƙe cikin laka tana dashen shinkafa don ɗanta ya zauna a aji, har ya zama shugaban ofishin lardi na hukumar da ke sa ido kan bankuna. Aikinsa ɗaya ne. Ya leƙa cikin ƙananan bankunan da talakawa ke ajiya, in ya ga ɓaraka ya yi ihu tun ba ta faɗaɗa ba. Don wannan ake ba shi albashi da mota da direba.

To, ya 'yan uwa, shi ma mai duban ana duba shi. Kowace shekara hedkwata takan turo masu awo daga babban birni, su auna aikin kowane ofishi, su ba shi launi. Kore, ka yi ƙoƙari. Rawaya, ka gyara. Ja, kujerarka ta fara rawa. Tambayoyinsu ba su wuce biyu ba: bankuna nawa ka ziyarta, kuma nawa ne suka durƙushe a hannunka?

Ba laifi ba ne a auna ma'aikaci. Amma mutumin nan ya zauna ya yi nazarin awon kamar yadda ɓarawo ke nazarin kwaɗo. Ya gano cewa ana ƙirga ziyara, amma ba a tambayar abin da ka gani da ka je. Ya kuma gano cewa a idon hedkwata banki ba ya zama marar lafiya sai shi ya buɗe baki ya ce ba shi da lafiya. Sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ziyara kam ya yi ta, ba wanda ya kai shi. Zai sauka daga mota, manaja ya tarye shi da tsiren akuya da kofi mai zafi, a ɗauki hoto, a tambayi lafiyar iyali, ya koma mota yana sakace haƙori. Wannan shi ne binciken. In Sallah ta ƙarato kwandunan kyauta su cika masa falo. Shekara bayan shekara ofishinsa kore shar, lambobin yabo jere a bayan kujerarsa, yana goge su da kansa don bai yarda masinja ya taɓa ba.

A cikin bankunan da ke hannunsa akwai wani ƙarami a bakin kasuwar garinsu. Manajan, Pak Sudarmo, ya rataya hoton mutumin nan a zaure yana yanka kintinkiri. Duk wanda ya shigo da 'yan kuɗinsa sai ya ɗaga kai ya ce, ai ɗan Mbah Tumirah ne ke duba wurin, me za mu ji tsoro?

Wata rana mataimakiyar mutumin nan, Bu Lestari, ta shigo ofishinsa ta rufe ƙofa.

"Pak," ta ce, wato yallaɓai, "bankin bakin kasuwar nan fanko ne. Manajan ya raba wa surukansa rance, ba mai biya. Abin da wani ya ajiye yau shi ake miƙa wa wanda ya zo cira gobe."

"Bu, ke ja kike sha'awa? Masu awo na hanya. Bari su zo su tafi tukuna."

"In ya faɗi kafin nan fa?"

"Banki ba ya faɗuwa sai an ce ya faɗi. Sha shayinki, yana hucewa."

Kun ji shugaba. Kun ji wanda aka ba amanar gumin jama'a.

A daidai lokacin Mbah Tumirah ta samu albishir. Kun san layin aikin Hajji a ƙasar nan, mutum ya yi rajista da baƙin gashi a kira shi da furfura. To, an ce mata bana sunanta zai fito. Ta sayar da gonar shinkafarta, ita ke nan gare ta, ta kai kuɗin bankin bakin kasuwa ta ajiye kafin a kira su biyan cikon kujera. Matan da take jagoranta a karatun ranar Alhamis suka ga ta kai, su ma suka kai nasu. Wata ta sayar da saniya, wata 'yan kunnenta.

Sai ƙishin-ƙishin ya fara yawo a kasuwa. Wata mai sayar da tempe, wainar waken soyan nan, ta je cirar kuɗi aka ce ta dawo gobe, gobe aka ce jibi. Da ɗan ya zo gida ranar hutu, tsohuwa ta zuba masa shinkafa da miyar ganye da yajin da yake so tun yana yaro, ta zauna gefensa tana kallon yana ci.

"Le," ta ce, don har a lokacin da sunan yarinta take kiransa, "kai ne ke ganin cikin wuraren nan. Bankin Sudarmo lafiya yake? In da matsala ka gaya mini in kwaso abina."

Ya 'yan uwa, ku tsaya a nan. Ya sani. Bu Lestari ta gaya masa, kuma shi da kansa ya gani. Amma ya yi lissafi yana tauna abincin uwarsa. In ta je ta cire nata, matan Alhamis za su bi ta. In suka bi ta, kasuwa za ta bi su. Kafin mako ya zagayo banki ya faɗi, masu awo su iso su tarar da gawa, launinsa ya koma ja, ƙarin girman da ake raɗe-raɗin za a yi masa zuwa babban birni ya bi ruwa.

Ya haɗiye lomarsa ya ce, "Haba Mbok, haba uwata, surutun kasuwa ne. Ni nake duba shi. Ki kwantar da hankalinki."

Ta ce, "Alhamdulillahi. Ƙara miya."

Ya ƙara.

A ransa ya ce da zarar masu awo sun tafi zai raɗa mata ta janye a hankali. Masu awo suka zo, suka ci tsire su ma, suka ba shi korensa suka tafi. Sai ya ce bari dai ƙarin girman ya tabbata. Haka Shaiɗan yake, ba ya ce maka kada ka yi alheri, cewa yake ka bari sai an jima.

Azumi ya zo ƙarshe, kowa ya nufi banki don cirar kuɗin Sallah. Suka tarar da ƙofa a garƙame, Pak Sudarmo ya yi layar zana. Da hukuma ta zo tantance waɗanda za a biya diyya, aka tarar kuɗin tsofaffin matan ko shiga asusun bankin bai yi ba, aljihun manaja ya zarce. Aka ce ba a san da su ba. Kiran biyan cikon kujera ya zo ya wuce, Mbah Tumirah ba gona, ba Makka. Ƙawarta Mbah Painem, wadda ta sayar da saniya, ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar bankin da azumi a bakinta. Ba ta ga Sallah ba.

Ranar Sallah ya zo gida, don ba shi da wurin zuwa. Kun san al'adarmu. Uwa ta zauna a kujera, 'ya'ya su jeru, kowa ya durƙusa ya kifa goshi a gwiwarta ya nemi gafara, ta dafa kansa ta sa masa albarka. Shi ne babba, shi ya fara. Ya kifa kai ya karanto kalmomin da kowa ke karantowa. Ya jira hannu a kansa, hannu bai sauko ba.

"Le, ranar da na tambaye ka, ka sani?"

Ƙannensa da matansu da jikoki duk suna tsaye. Ya ce, "Na sani, Mbok."

"Gonar tawa ce, Makkar ma tawa ce, ni na haife ka, wannan zan iya da shi. Amma matan nan bakina suka bi, ni kuma naka na bi. Tashi ka bi su gida-gida ka durƙusa. Ka fara da Painem. In ta yafe maka ka dawo in dafa ka."

Ta kira ƙaninsa ya matso.

Bayan Sallah hedkwata ta waiwaye shi. Mutanen da suka miƙa masa lambar yabo suna murmushi su ne suka tashi suka ce ba su taɓa ganin sakaci irin nasa ba. Aka kore shi, aka kai shi gaban alƙali, hotonsa na yanka kintinkiri ya zama shaida a kansa. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu. Manajojin da ke cika masa falo da kwanduna ba wanda ya san lambar wayarsa kuma. Mbah Tumirah kuwa ta daina zuwa karatun Alhamis don kunyar haɗa ido da matan. Da idona na gan ta lokacin dashe, a duƙe cikin laka a tsohuwar gonarta, tana yi wa wanda ya saye ta ƙwadago.

Su ma masu awon ban wanke su ba. Wane irin awo ne wannan da ke yaba wa mai gadi don bai taɓa yin ihu ba? Da sun shiga kasuwa sun tambayi mai tempe, da sun ji gaskiya kyauta. Amma lalacewar ma'auni ba ta zama masa uzuri ba. Uwarsa ba launi ta tambaye shi ba, lafiyar banki ta tambaye shi.

Ya 'yan uwa, da yawanmu a sahun nan ma'aikata ne, kuma kowa da awon da ake yi masa. Malamin da ke ɗaga ɗalibi bai iya komai ba don a ce makaranta ta yi fice, da ma'aikacin asibitin da ke sallamar majinyaci bai warke ba don a ce gado ya samu, duk hanyar mutumin nan suka ɗauka. Ka tambayi kanka, aikin kake yi ko awon kake yi wa ado? Akwai ranar da za a kafa ma'auni wanda ba a tarbar masu riƙe da shi da tsire, ba ya ƙirga ziyara, abin da ka gani ka ɓoye shi zai ɗora. Kuma haƙƙin mutane ba ya sauka sai mai shi ya yafe. Mutumin nan yana nan da rai, an ce wasu matan sun yafe masa, wasu sun rufe masa ƙofa. Gidan da aka ce ya fara da shi kuwa, mai gidan tana maƙabarta.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye mu da fifita yabon mutane kan gaskiya. Allah kada ya sa iyayenmu su janye hannu daga kawunanmu. Ya jiƙan Mbah Painem, ya kai Mbah Tumirah Ɗakinsa ta hanyar da ba ta zata ba. Amin.