Gurbi Ɗaya a Takardar Suwaiba

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan. Yau gardama na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

A Kwanar Ɗinya, garin nan da birni ya riga ya haɗiye rabinsa, sakandaren gwamnati uku ce. Akwai wata Inna Tabawa mai waina, mijinta ya rasu ya bar mata maza uku da auta mace, Suwaiba. A lokacin ofishin ilimi ne ke raba yara, sai ya watsa mata mazan, kowa da makarantarsa.

Babban, Nafi'u, ya faɗa ta Gangare. Malamai kam akwai, na gaske, masu koyarwa har muryarsu ta dushe. Amma iska ta daɗe da yaye kwanon rufin, yara ɗari da wani abu a aji suna zaune a ƙasa, ɗakin gwaji ko alamarsa babu. Shugaban makarantar kuwa kaifi ɗaya ne, ba a satar amsa a gabansa. Sau biyu Nafi'u yana faɗuwa jarrabawar fita. Ya tashi da ilimi cike da kai, babu takarda, ya koma tuƙa adaidaita sahu.

Mudassir ya faɗa ta Tudu. Kai, gini! Fenti fes, ga ɗakin injuna da aka yi bikin buɗewa. Malamai fa? Sai ƙarshen wata ake ganin ƙeyarsu. Yaran sukan wuni suna kwance injuna suna mayarwa don kashe lokaci. Mudassir ya gama ko wasiƙa ba ya iya karantawa daidai, amma ba injin da ke gagararsa.

Lawandi ya faɗa ta Bakin Kasuwa, inda ba a taɓa faɗuwa ba. Ranar jarrabawa a allo ake rubuta amsa, yaro ya kwafa kawai. Da wannan sakamako ya yi ɗan kwas, ya samu aiki a asibitin garin, aka damƙa masa makullin ɗakin magani.

To, sai damina ta zo da amai da gudawa.

Rijiyar burtsatsen unguwarsu Mudassir ne ya haɗa ta, kuma dab da ramin masai ya kafa ta, domin ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Nafi'u ya gane daga ruwan ne. Ya je gun mai unguwa yana roƙo a rufe rijiyar, aka ce masa, "Kai da wace takardar? Koma kan kekenka, malam." Da ɗan Nafi'u ɗan wata tara ya kamu, yana can bakin aiki, matarsa ta ruga asibiti da yaron. Lawandi ya duba ya ce haƙori ne, ya ba ta maganin zazzaɓi. Kafin la'asar an kai yaron makwancinsa. Wallahi har yau in na tuna, raina ɓaci yake. Mutum goma sha ɗaya unguwar ta binne a sati guda.

Ranar Laraba da hantsi Inna Tabawa ta faɗi a gaban tandarta.

Nafi'u, da ƙasar kabarin ɗansa ba ta bushe ba, ya tafasa ruwa, ya auna gishiri da sukari yadda malaminsa ya koya masa, ya dinga ɗura mata cokali-cokali. Ba don haka ba da ba ta kai azahar ba.

Ruwa ya cinye hanyar asibiti, adaidaita ba ta iya ƙetarewa. Akwai wata tsohuwar tifa da ta shekara a mace a bakin gareji. Mudassir ya shige ƙarƙashinta cikin taɓo, sa'a biyu, ta tashi. Da ita aka keta ruwan.

A asibiti aka ce ledar ƙarin ruwa ta ƙare, mutane kwance har baranda. Lawandi ya san akwai guda uku da aka ɓoye wa manya a bayan kwali. Ya buɗe ya ɗauko, ya miƙa wa nas ta ɗaura mata, yana sane aikinsa na iya tafiya. Inna Tabawa ta buɗe ido washegari.

Ta rayu, amma 'ya'yan nan uku ba sa iya haɗa ido a tsakar gida.

Bana Suwaiba ta gama firamare. An sauya tsari, yanzu iyaye ke zaɓa. Hedimasta ya aiko da takarda mai gurbi ɗaya tak, a rubuta sunan makaranta, a mayar ranar Litinin. Kuɗin makarantar kuɗi kuwa, ku ma kun san mai waina ba ta da shi. Ta tara mazan ta ajiye takardar a kan tabarma, ta ce, "Ku kuka shiga, ku kuka san cikinsu. Ni ita kaɗai ta rage mini. Ina zan kai ta?"

Nafi'u ya sunkuyar da kai. Mudassir ya kalli hannuwansa. Lawandi ya fashe da kuka. Ba wanda ya iya ambaton makarantarsa.

To, ga biron a hannunku, jama'a. Gangare, Tudu, ko Bakin Kasuwa: wacce za ku rubuta wa Suwaiba?