Labarin da Aka Naɗe Ƙosai da Shi

Ku ajiye wayoyin nan ku ji, don ni rigimar ta ishe ni.

Wasu ƙawaye uku ne a Funtuwa: Tabawa, Ladidi da Uwale. Tabawa ta rubuta gajeren labari kan wata ungozoma da idonta ya fara mutuwa tana ɓoyewa. Ta aika wa wata mujalla a Kaduna, edita ya dawo da shi, wai ya yi tsawo, ya kuma yi sanyi. Maimakon ta zauna ta gyara, sai zuciya ta ɗebe ta. Ta goge na cikin wayarta, ta kwashi takardun ta miƙa wa mai ƙosan bakin layi ta riƙa naɗi da su.

Ladidi ta je sayen ƙosai, ta ga rubutun ƙawarta jiƙe da mai. Ta tsaya ta yi ta magiya har aka ba ta sauran, ta shanya su, ta sake bugawa. Amma shafukan ƙarshe tuni sun bi masu saye.

Uwale ce ta karɓa daga nan. Ta zubar da surutan da suka cika farkon, ta cire wata gwaggo da ba ta tsinana komai a labarin, sannan ta zauna ta rubuta masa ƙarshe, tunda babu. Suka aika ba da sanin Tabawa ba.

Edita ya karɓa da murna, ya ce ƙarshen ne ya kama shi. Da ya ji yadda aka yi, ya ce suna ɗaya tak suke sawa a ƙarƙashin labari, su daidaita kafin a kai maɗaba'a, in ba haka ba ya sa na wani.

Nan fa aka taru a tsakar gidana, kowa na huci.

Tabawa ta ce, "Inna, ungozomar nan daga kaina ta fito. Kuma a nawa ba ta tona wa kanta asiri ba. Wa ya aiki Uwale?"

Uwale ta ce, "Naki ai an dawo miki da shi, malama marubuciya. Nawa aka ɗauka."

Ladidi ta ce, "Ku yi ta yi. Da ban ji yunwa ba ranar, da a kwata za ku je ku yi musun."

Na ce su tashi su ba ni wuri. Ga shi har yau ba sa gaisawa, edita kuma yana jira.

Ɗaya ta ƙirƙira ta zubar, ɗaya ta tsince shi a bakin kasko, ɗaya ta gyara har mai shi ta kasa gane abinta. To, ku da kuka iya surutu, sunan wa za a buga?