Akwatin Ƙarfe da Tsohon Gora

Akwai wani masunci da yake zaune a bakin wani babban tafki, shi da matarsa. Ba rago ba ne, amma mutum ne mai yawan mafarki ido biyu. Da sassafe, sa'ad da tururi yake tashi a kan ruwa, furannin bado suna buɗewa, sai ya ajiye filafili ya bar kwalekwale yana tafiya da kansa, shi kuwa hankalinsa ya yi nisa.

Yana da wani babban gora na gado, irin wanda masunta suke kwanciya a kai su haye ruwa. A cikinsa yake zuba kayan sana'arsa duka: ƙugiyoyi, da zare, da dalma, da gwangwanin tana. Mahaifinsa ne ya koya masa ya riƙa ɗaure goran a ƙugu da igiya, da irin ƙullin nan da ja ɗaya yake kwance shi. Sai dai gora ciki ɗaya gare shi. Kullum zare ya harɗe da ƙugiya, in kuma ya sa hannu neman dalma, ƙugiya ce take fara gaishe shi a yatsa.

Don haka ya fara mafarkin akwati. Yakan gan shi a ransa, mai ɗakuna da yawa, ƙugiyar tarwaɗa da ɗakinta, ta karfasa da nata, zare a naɗe a gefe ba mai taɓa wani. Har kifi yakan ci tana ya tafi abinsa, shi yana can yana jera kaya a akwatin da bai saya ba tukuna.

Wata ranar kasuwa ya iske mai sayar da akwatuna. Akwai na katako mara nauyi, mai ɗakuna kaɗan. Akwai kuma na ƙarfe, kore shar, da murfi mai kwaɗo.

Mai kayan ya ce, "Sarkin ruwa, matso ka gani! Wannan na ƙarfen, ɓera ba ya cinsa, ɓarawo ba ya buɗe shi. Jikokinka ma sai sun gaje shi."

Masuncin ya buɗe murfin, ya ga ɗakuna a jere kamar yadda ya saba ganinsu a mafarki. Na katakon ko kallo na biyu bai samu ba. Ya saya, ya ɗauko shi a ka yana nishi, yana murna.

Da ya iso gida, matarsa ta shafa akwatin, ta gwada ɗaga shi ta kasa. Ta ce, "Maigida, kyau kam yana da shi. In ya faɗa ruwa fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Me zai kai shi ruwa? Akwati ne, ba kifi ba."

Amma ta ɗauki tsohon goran da ya yar a bayan ɗaki, ta wanke shi, ta riƙa sa masa furarsa a ciki tana ajiyewa a kwalekwale. Goran da ya ɗauki kakanninsa a kan ruwa ya koma ma'ajin fura. Igiyar kuwa, masuncin ya kwance ta daga gora ya ɗaura wa akwati, ɗaya bakin a ƙugunsa kamar kullum, gama hannunsa ya saba, kuma yana tsoron rabuwa da abin da yake ƙauna.

Kwanaki suka yi daɗi. Ba ƙugiyar da ta sake sukarsa. Yakan buɗe murfin a tsakiyar tafki ba don yana neman kome ba, sai don ya ga rana tana walƙiya a kan ƙugiyoyinsa.

Ran nan, a farkon damina, yana cikin wannan kallo, hadari ya haɗo ta gabas bai lura ba. Iska ta taso, ruwa ya yi tozo, kwalekwale ya kife.

Shi mutum ne da ya iya iyo tun yana yaro, amma ya ji ana jansa ƙasa ta ƙugu. A ƙarƙashin ruwan babu iska, babu tsawa, sai shiru da wani haske kore mai laushi. Ƙananan kifaye suna wucewa ta gabansa ba su damu da shi ba. Ya ga akwatinsa yana sauka a hankali, shi kuma yana biye da shi. Hannunsa ya kai kan bakin ƙullin. Ja ɗaya ne kawai. Amma ya tuna ɗakunan nan, da ƙugiyoyin da abincin gidansa yake rataye a kansu, sai ya saki ƙullin ya rungumi akwatin, wai zai hau da shi. Ku ji wauta! Numfashinsa yana ƙarewa, yana kokawa da ƙarfe.

Sai ya ji muryar matarsa a ransa, a hankali kamar tana tsaye a tsakar gida: "In ya faɗa ruwa fa?"

Ya ja ƙullin. Akwatin ya ci gaba da tafiyarsa shi kaɗai.

Da ya ɓullo sama ba shi da sauran ƙarfi, gaɓa kuwa tana da nisa. Sai wani abu ya bugi ƙeyarsa. Tsohon goran ne, furar ta zube, shi kuwa yana ta lilo a kan ruwa. Ya kwanta a kansa da ciki kamar yadda mahaifinsa yake yi, iska ta kora su har bakin gaɓa.

Matarsa tana tsaye a wurin cikin ruwan sama, tana kuka. Ya ce mata, "Akwatin ya tafi, da ƙugiyoyin duka."

Ta ce, "Maigida, ba akwati na fito jira ba. Zo mu je gida."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Tafkin nan shi ne zamanmu na duniya, yau a kwance, gobe da hadari. Akwatin ƙarfe shi ne abubuwan da muke jera rayuwarmu a ciki: sana'a, da dukiya, da suna, da shirye-shiryen gobe. Ban ce tsari mugun abu ba ne. Ni kaina ina son in sa hannu in sami abu a inda na ajiye shi. Laifin mutumin nan bai wuce igiya ba: ya ɗaura ransa a jikin abin da ba ya iya ɗaukarsa.

Goran kuwa shi ne bangaskiyarmu ga Ubangiji Yesu, wadda iyayenmu suka haye ruwa da ita. Da yawa cikinmu ba mu yar da ita ba, amma mun mai da ita ma'ajin fura, muna tunawa da ita ran Lahadi kawai. Abin da yake sa ni hawaye shi ne, ko da mutumin ya ƙi goran, goran bai ƙi shi ba. Haka jinƙan Ubangiji yake.

Amma ku lura, bai kai ga goran ba sai da ya saki akwatin, kuma saura kaɗan ya makara. Kada ka jira sai kana ƙarƙashin ruwa. Yau, tun tafki yana kwance, sa hannu a ƙugunka ka bi igiyar, ka ga abin da yake ɗaure a ɗaya bakin.