Ranar Da Tasalla Ta Ajiye Safar Hannu

Masu ba da labari sun ce, Allah dai ya fi su sani, an yi wata mata a wani birni ana ce mata Magajiya Yalwa, tana da fagen faɗan mata. Irin faɗan nan ne na zamani da ake yi cikin kejin ƙarfe, a haɗa naushi da shuri da kokawa har sai ɗaya ta sallama. Mata goma sha bakwai ke ƙarƙashinta, amma ko ɗan yaye ka tambaya a birnin, suna ɗaya zai faɗa maka: Tasalla Guduma. Shekara tara ba a taɓa kai bayanta ƙasa ba.

Wata Laraba da hantsi Tasalla ta shigo, ta durƙusa da ƙyar, ta ajiye safar hannunta gaban Magajiya. Ta ce gwiwa ta gaji, likita ya ce in ta ƙara shiga keji ko sau ɗaya, da sanda za ta ƙare rayuwarta. Garinsu za ta koma ta kama kiwo. Magajiya ta yi lallashi, ta yi fushi, har kuka ta yi, mace da jikokinta, amma Tasalla ta yi mata godiya ta fita tana ɗingishi.

Kwana biyu Magajiya na zagin zamani, wai an daina haihuwar mata masu zuciya. A rana ta uku ta yanke shawara: ran Asabar za ta sallami sauran goma sha shidan kowa ta kama gabanta. Ta kuma aika a kira mai walda ya zo ya yanka kejin, ya mayar mata da shi gidan kaji.

Tana zaune tana jiransa sai ga Baba Gwadabe, makaɗin fagen, wani tsoho mai kalangu da ke gidan tun mahaifinta na shirya damben kaka. Ya gaishe ta, ya nemi wuri ya zauna, ya ce kiwon kaji ma sana'a ce ta mutunci, shi ba ya hanawa.

"Amma ranki ya daɗe, kafin mai walda ya iso, ki bar ni in ba ki labarin Nagoma da ragonsa, don ina tsoron kada ki zama ta biyunsa."

Magajiya ta harare shi ta ce, "Yaya labarinsu yake, Baba?"

Baba Gwadabe ya gyara zama ya ce: An yi wani mutum ana ce masa Nagoma, yana da ragon karo mai suna Tsawa. Duk kasuwar da aka kai Tsawa, ragunan garin sai su kwana da ciwon kai. Nagoma ya ɗauki son duniya ya ɗora masa. Harawa mai kyau ta Tsawa ce, dusa ta Tsawa ce, sauran dabbobi sai abin da ya zuba ƙasa. Ba wannan ne abin takaicin ba. Duk ɗan ragon da ƙahonsa ya fara murɗewa a garken, har ya soma ja da baya yana gwada karo, sai Nagoma ya sa masa ido, kada wata rana ya kunyata masa Tsawa. Washegari sai ka ga ɗan ragon a hannun mahauta.

Rana ba ta ƙarya. Tsawa ya tsufa, wata safiya ya kwanta gindin turkensa ya ƙi tashi. Nagoma ya zauna cikin garke ya haɗa kai da gwiwa, yana cewa tumakin yanzu ba su iya haihuwa ba. Wata tsohuwar tunkiya, wadda 'ya'yanta shida suka bi hanyar mahauta, ta ji abin ya ishe ta. Ta daina tuƙa ta ce, "Maigida, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Halinka ya tuna mini da makaɗi mai take ɗaya." Nagoma ya tambaye ta yadda labarinsa yake.

Tunkiya ta ce: An yi wani makaɗin fage, gajere, mai sanƙo da giɓi, ga son maiƙo kamar ƙuda. Al'adar fage ita ce duk mai shiga a kaɗa mata takenta, a ambaci sunanta da garinsu, don 'yan kallo su san wadda suke wa ihu. Makaɗin nan take arba'in ne a hannunsa. Sai aka yi wata gwarzuwa wadda in ya kaɗa nata ake yi masa liƙi har ya rasa inda zai sa ƙafa. Gogan naka ya ce nan kasuwa take. In sauran sun shigo, sai ya ɗan taɓa kalangu sama-sama yana hamma, ba suna ba gari. A kwana a tashi, talatin da tara suka zube daga hannunsa bai sani ba.

Ran nan zazzaɓi ya kwantar da gwarzuwar, aka sa wasu 'yan mata biyu su cike gurbi. Makaɗi ya ɗaga sandar kiɗansa, ya laluba kansa ya ji wayam, hannu kuwa ya tafi inda ya saba. Jama'a na jin taken gwarzuwa suka juya gaba ɗaya suna leƙen ƙofa. 'Yan matan nan suka yi faɗan da ba a yi irinsa ba a shekarar, har ɗaya ta bar haƙori a fage, duk a bayan ƙeyar mutane. Da aka tashi kowa ya tafi yana cewa yau ba a yi komai ba, makaɗin ma har da shi a masu faɗa.

Tunkiya ta ce, "Shi da kiɗa ya binne nasa, kai da wuƙar mahauci. Yanzu ka zo kana tambayarmu ina raguna."

Baba Gwadabe ya ce, Nagoma ya duba garke, bai ga ƙaho ko ɗaya ba, ya tashi ya tuge turken ya sa a murhu. "Shi ya farga bayan wuƙa ta gama aiki, ranki ya daɗe. Ke naki goma sha shida suna can ciki suna ɗaure kaya."

Magajiya ta dubi sanƙonsa, ta dubi giɓinsa, ta ce, "Baba, makaɗin nan kamar na san shi."

"Ni ma abin da ya dame ni ke nan. Har yau ban gane inda tunkiyar nan ta san ni ba."

Dariya ta kuɓuce wa Magajiya, ta farko tun Laraba, har tana riƙe ciki. Tsohon ya bari ta gama, sannan ya roƙe ta alfarma ɗaya: tunda shi tsufa ya cinye masa kai, ta lissafa masa sunayen matan nan. Ta soma da ƙarfinta. Ta kawo biyar, ta shida ta ce mai tsagen nan, ta bakwai ta ce doguwar nan mai hagu, daga nan lissafi ya ƙare mata. Kunya ta rufe ta. Doguwar nan sau uku tana roƙon a haɗa ta da Tasalla, sau uku Magajiya na cewa ba ta isa ba, alhali ta san tsoron hagun nan ne ya hana ta.

Ta ce, "Ashe ni ce Nagoma, ban ma kai shi ba, shi ko tunkiya mai gaya masa gaskiya yana da ita. Na ji, Baba, na kuma karɓa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, ni kuwa shekara tara ina lasar cokali."

Ta aika a ce wa mai walda ya yi zamansa. Ta sa aka kira matan, suka shigo, wasu da ƙunshin kayansu a hannu. Ta ce su ajiye, ran Asabar akwai wasa, ko mutum goma ne suka zo kallo za a yi, kuma ba mai shiga keji sai da takenta. Baba Gwadabe ya rataya kalangu ya matse tsarkiya, ya ce a fara masa da doguwar. Magajiya ta buɗe baki za ta kira ta, ta rufe. Ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yata, yi haƙuri, faɗa wa Baba sunanki."

Doguwar ta dube ta, ba fushi a fuskarta, ta ce, "Hansatu, Magajiya. Shekarata bakwai a gidan nan."